Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga wakilan Gombe a Majalisar Tarayya: a sa adadin awoyin aiki a Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago

Zuwa ga masu girma sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilanmu shida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina neman afuwa da na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a maimakon in bi sahun masu jiran fitowarku a ƙofar gida. Maganar awoyin aikin ma'aikata ce, ta fi ƙarfin raɗa a kunne, kuma waɗanda ta shafa ba su da lokacin zuwa ƙofar gidan kowa. Suna wurin aiki.

Shekara shida na yi ina akawu a wani kamfanin casar shinkafa da ke gefen garin Gombe. Ba zan kama sunansa ba, domin mai shi bai fi saura laifi ba, abin da ya tarar ana yi shi ya yi. Cikin ayyukana har da riƙe rajistar ma'aikata, wani ƙaton littafi mai baƙin bango da aka ɗaure masa biro da zare don kada ya yi ƙafa. Gida huɗu ne a kowane shafi: suna, lokacin zuwa, sa hannu, sai gidan cirewa. Da ƙarfe bakwai da rabi ta buga, manaja zai zo ya ja jan layi, duk wanda ya sa hannu a ƙasan layin an yanke masa naira 500. Gidan lokacin tashi kuwa babu shi. A shekarata ta biyu, da kaka, na ɗauki rula na ƙara shi da hannuna, ina ganin gyara na yi. Kwana tara ya yi a raye. Ran na goma manaja ya kira ni ofis, ya juya littafin ya tura mini, ya ce, "Malam, wa ya aike ka?" Kafin azahar an sayo sabon littafi.

Amma na riga na ga abin da na gani. A kwanaki taran nan, lokacin da motoci ke ta sauke shanshera ba dare ba rana, akwai wanda na lissafa masa awa 126, wato awa 14 kowace rana, ba Juma'a ba Lahadi. Ƙarshen wata albashinsa bai ƙaru da ko sisi ba. Hasali ma raguwa ya yi da naira 500, don wata safiya ya makara da minti goma bayan ya tashi aiki ƙarfe ɗayan dare. Ni na rubuta cirewar da hannuna, kuma har yau idan na tuna sai in ji kunyar kaina.

A kakar da ta biyo baya ne bel ɗin inji ya kama hannun wani saurayi wajen ƙarfe biyun dare, yana cikin awarsa ta goma sha bakwai a tsaye. Yatsu uku suka tafi. Mai kamfani ya biya kuɗin asibiti, ya ba shi naira dubu 20 "ya sha magani", kowa yana ta sa masa albarka. Ba wanda ya ambaci cewa tun 2010 akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, wadda ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun inshorar ma'aikata na tarayya, wato NSITF, saboda irin wannan rana. Ni ma a lokacin ban sani ba. Bayan na bar aikin ne na nemi Dokar Ƙwadago na zauna na karanta, ina zaton zan tarar an karya ta. Na tarar an karya wani ɓangare, amma a kan babbar maganar, wato awoyi, babu ma abin da za a karya.

Ranku ya daɗe, ku buɗe Sashe na 13. Cewa ya yi awoyin aiki na yau da kullum su ne waɗanda aka tsayar ta hanyar yarjejeniya tsakanin mai aiki da ma'aikaci, ko ta hanyar ciniki da ƙungiyar ma'aikata, ko ta hukumar tsayar da lada a inda babu ƙungiya. Sai ya ce duk awoyin da suka haura waɗannan su ne ƙarin lokaci, abin da leburori ke kira obataim. Shi ke nan. Bai ce awa takwas ba, bai ce 40 ko 48 a mako ba, bai kuma faɗi nawa za a biya a kan ƙarin ba. Abin dariya ma, can ƙasa ya ce idan aka ci wa ma'aikaci ranar hutunsa ta mako, a rama masa ko a biya shi da farashin ƙarin lokaci, farashin da dokar ba ta taɓa faɗa ba daga farkonta har ƙarshenta. An ɗinka riga an manta da wuya.

Kalmar "yarjejeniya" tana da daɗin ji a Abuja. A Gombe ga yadda ake ƙulla ta: mutum ya yi wata bakwai ba aiki, matarsa na da tsohon ciki, mai gida na neman kuɗin haya, sai aka ce masa ana neman maigadi daga shidan yamma zuwa shidan safe, kullum, a kan naira dubu 40. A bayansa akwai mutum goma da ke jiran ya ce a'a. Wace yarjejeniya ce tsakanin kura da akuya? Da ya ce "na yarda", awa 12 ta zama awoyinsa na yau da kullum a idon doka, kuma tunda ba ta haura abin da aka amince ba, babu ƙarin lokaci ke nan ko na minti ɗaya.

Ba na cewa dokar ba ta da komai. Ta ce wanda ya yi awa shida ko fiye a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Ta ce a kowane kwana bakwai a ba shi awa 24 a jere ya huta. Ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba shi takarda mai ɗauke da sharuɗɗan aikinsa, har da awoyi. Ta hana yanke albashi da sunan tara, wato jan layin manajanmu ma ba bisa ƙa'ida yake ba. To amma ku duba hukuncin wanda ya taka waɗannan a Sashe na 21: tarar da ba ta wuce naira 800 ba a karo na farko, 1,500 idan ya sake. Doka ce da muka gada tun mulkin soja na shekarun 1970, lokacin da naira 800 ke da nauyin da za ta hana mutum barci. Yau ba ta sayen mudun shinkafar da kamfanin ke casawa.

Dalilin da ya sa na nufo ku ban nufi majalisar dokokin jiha ba, kun san shi: tsarin mulkin 1999 ya sa sha'anin ƙwadago, da yanayin aiki, da mafi ƙarancin albashi, cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka. Ko gwamna ya so, ba zai iya taɓa Sashe na 13 ba. Wuƙa da nama suna hannunku.

Abin da nake roƙo ba baƙon abu ba ne a duniya. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar a 1919 a kan wannan magana ce: awa takwas a rana, 48 a mako a masana'antu, ƙarin lokaci kuma kada a biya shi ƙasa da lada ɗaya da kwata. Fiye da shekara ɗari ke nan. Ranar 1 ga Mayu da muke fareti a filin wasa ma asalinta gwagwarmayar neman awa takwas ce da ma'aikatan Chicago suka yi a 1886. Kuma a nan Arewa aka fara mayar da ita ranar hutu, gwamnatin PRP ta Kano a 1980, kafin tarayya ta bi sahu a 1981. Mun karɓi bikin, mun bar abin da aka yi bikin dominsa.

Zan fara da Saudiyya, don ita ce ƙasar da yawancinmu muka taka ko muke da wanda ya taka. Dokarsu ta ce awa takwas a rana, 48 a mako. Da azumi ya kama, ma'aikaci Musulmi ya koma awa shida a rana, 36 a mako. Kowace awa da ta haura ana biyan ladanta da ƙarin rabin asalin ladan. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba kuma an haramta sa mutum aiki a ƙarƙashin rana daga sha biyu zuwa uku. Ina tuna wannan duk lokacin da na bi ta kasuwar Tudun Hatsi a watan Afrilu, azumi a baki, na ga masu dako na hawa katako da buhu a ka, rana tana tsakiya, kwalta na tururi. Na san Saudiyya na da nata abin kunyar, 'yan'uwanmu mata da suka je aikatau sun ba da labarai marasa daɗin ji, kuma masu aikin gida ba sa cikin waccan doka, nasu tsarin daban ne. Duk da haka, ma'aikacin kamfani a can yana da lambar da zai nuna wa alƙali.

Amurka ba aljannar ma'aikaci ba ce. Dokar tarayyarsu ba ta tilasta hutun shekara da albashi ko na kwana ɗaya ba, mu a nan muna da kwana shida, kuma mafi ƙarancin ladansu na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009. Amma dokarsu ta 1938 ta kafa abu ɗaya da ya tsaya daram: abin da ya haura awa 40 a mako, lada ɗaya da rabi, kuma mai aiki ne doka ta ɗora wa ajiye lissafin awoyin. Tarayyar Turai ta bi ta wata hanyar, ta sa rufi: kada matsakaicin mako ya wuce awa 48 har da ƙarin lokaci, a bar mutum ya huta awa 11 a jere kowace rana, da hutun mako huɗu a shekara. A 2019 babbar kotunsu ta yanke cewa dole mai aiki ya kafa hanyar rubuta awoyin kowane ma'aikaci kullum, bisa hujjar cewa haƙƙin da ba a iya aunawa ba a iya ƙwato shi. Da na karanta hukuncin sai da na yi murmushi, na ce ashe rulata tana da 'yan'uwa. Faransa awa 35 ce, Ingila kuma ta bar ƙofar da ma'aikaci zai sa hannu ya yafe rufin awa 48, ba ta kuma tsayar da farashin ƙari ba. Kada mu kwaikwayi wannan, ƙofa irin wannan a nan tun ranar ɗaukar aiki za a tura kowa ta cikinta.

Idan an ce waɗannan masu kuɗi ne, to mu dawo gida. Afirka ta Kudu tun 1997 ta tsayar da awa 45 a mako, ƙarin lokaci kada ya wuce awa 10 a mako, a biya shi ɗaya da rabi, wanda ba ya aikin Lahadi kuma idan aka sa shi a ninka masa. Dokar Ghana ta 2003 ta ce awa takwas a rana, 40 a mako. Nijar da Kamaru, da muke kwana muna tashi da su, awa 40 ce a rubuce. Indiya tun 1948 ta ce ma'aikacin masana'anta a ninka masa ladan ƙarin lokaci. Mu da ake kira giwar Afirka mu ne muka bar gurbin fayau.

Japan ce ta fi tsaya mini a rai. Mutane ne da aka san su da son aiki, har sai da mutuwa saboda yawan aiki ta samu suna nata a harshensu, karoshi: magidanci ya faɗi a kan teburinsa, zuciya ta tsaya ko jijiyar ƙwaƙwalwa ta fashe, ko matashi ya kashe kansa. Shekara da shekaru suna da farashin ƙari, kashi 25 cikin 100, amma kamfani da wakilan ma'aikata na iya sa hannu su ɗage iyakar awoyin yadda suka ga dama. Sai a 2018 suka yi dokar da ta fara aiki a Afrilun 2019: ƙarin lokaci awa 45 a wata, 360 a shekara, ko da uzuri na musamman kada ya kai awa 100 a wata. Darasin da na ɗauka shi ne kuɗi kaɗai ba ya tsare rai, sai an haɗa da iyaka. Mu a nan ba mu da kalma irin tasu. Cewa muke "hawan jini ne", "faɗuwa ya yi a banɗaki", "kwana ne ya ƙare". Kwana kam na Allah ne, ba musu. Amma binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da ILO suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai mutum dubu 745 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako, kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya fi da kashi 35 cikin 100 a kan mai yin awa 35 zuwa 40. Maigadin da na ambata awa 84 yake yi.

Bari mu yi lissafi irin na akawu. Mafi ƙarancin albashi da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Yulin 2024 naira dubu 70 ne a wata. Idan mako awa 40 ne, wata ya kama awa 173, kowace awa kusan naira 400. Mai yin awa 12 kwana shida a mako a kan wannan albashi, awarsa ta faɗo kusan naira 225. Maigadi mai dubu 40 da ba ya fashi, naira 111. Kun ga ke nan, mafi ƙarancin albashin da ba a ɗaure shi da awoyi ba, guga ne mai huji: a ba ka dubu 70 ɗin cif, a karɓe kusan rabinta ta hanyar agogo. Wannan ma ga wanda dokar ta shafa ne, domin ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho, da na yanki, da na kaka. Ku zagaya Jekadafari da Pantami da Bolari da Tumfure ku ƙirga gidajen mai, gidajen burodi, shagunan magani, otal-otal, masana'antun ruwan leda da makarantun kuɗi nawa ne suke da mutum 25 a rubuce. Wasu ma suna da 40, amma 24 ne a littafi, saura "'yan wucin gadi" ne shekara biyar.

Na san abin da masu kamfanoni za su ce, kuma na zauna kusa da littafin kuɗinsu, na san ba ƙarya suke ba. Dizal ya ci riba, wuta ba ta tsayawa, idan ta zo da tsakar dare dole a tayar da inji a lokacin, haraji kuma ta ko'ina. Shinkafar kaka ba ta jiran agogo. Ba wanda ya ce a hana aikin dare ko a kulle inji da la'asar. Cewa muke awa ta goma sha uku ta fi ta farko tsada a jikin ɗan Adam, don haka ta fi ta tsada a aljihun mai aiki. Da zarar ta yi tsada, shi da kansa zai zauna ya ga cewa ɗaukar mutum na biyu ya fi masa sauƙi a kan matse na farko. Inda mutum biyu ke raba awa 24, uku za su raba. A jihar da matasa ke zaune a gindin bishiya da takardunsu, ban san wani shirin samar da aiki da ya kai wannan araha ga gwamnati ba.

Za a kuma ce ma'aikatan ne da kansu ke son daɗewa. Wasu haka ne, inda ake biya. Inda ba a biya, tsoron sallama ne ke zaunar da su, ku tambayi duk yarinyar da ke riƙe da famfo a gidan mai ƙarfe goman dare, tana tunanin Keke Napep ɗin da zai kai ta gida da kuma gibin da za a ce an samu a cinikinta.

Sai masu cewa dokokin da ke akwai ma ba a bi, me sabuwa za ta ƙara? Wannan ta fi ƙarfi, na yarda. A shekara shida ban taɓa ganin jami'in duba wuraren aiki ya buɗe rajistata ba, alhali Najeriya ta amince da yarjejeniyar ILO kan duba wuraren aiki tun 1960. Amma ko ya zo, me zai auna? Tun gyaran tsarin mulki na 2010 muna da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa mai cikakken hurumi a kan waɗannan shari'o'i. Ma'aikacin da ya je gabanta yau da kukan awoyi, tambayar farko ita ce me takardarsa ta ce, shi kuwa ko ba shi da takarda, ko takardar ce ta ɗaure shi. Ku ba alƙali lamba, ku ba lauya lamba, ku ba ma'aikaci lambar da zai iya riƙewa a ka ko bai yi boko ba.

Don haka roƙona, Allah ya taimake ku, ɗayanku ya ɗauki nauyin ƙudurin gyara Sashe na 13, sauran takwas su mara masa baya. A rubuta awa takwas a rana. Ko 40 ko 48 a mako, ku yi muhawara, ni ba zan yi faɗa a kan wannan ba. Abin da ya haura a biya ɗaya da rabi, ranar hutu da ranakun Sallah da Kirsimeti a ninka, a kuma sa rufin da ko ma'aikaci ya sa hannu ba za a wuce shi ba. Wannan kariya kada a rataya mata sharaɗin mutum 25, ta shafi mai ma'aikaci uku kamar yadda ta shafi mai ɗari uku. Ku sake duba Sashe na 91, wanda ya fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa daga ma'anar "ma'aikaci", domin da shi ake laƙaba wa yaro "sufabaiza" a ƙara masa dubu biyu a ƙwace masa dare. Tarar naira 800 kuma a ɗaure ta da mafi ƙarancin albashi, ta riƙa tashi tare da shi.

Idan duk waɗannan sun yi yawa a zama ɗaya, to ku fara da wanda ba ya cin ko kwabo: doka ta tilasta wa kowane mai aiki rubuta lokacin zuwa da lokacin tashi, ma'aikaci ya sa hannu a duka biyun, idan kuma aka je kotu babu littafi, a ɗauki maganar ma'aikaci har sai mai aiki ya kawo hujjar da ta rushe ta. Malamanmu sun sha karanta mana hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Kafin a biya gumi sai an san na awa nawa ne.

Na san majalisa na hutu kuna zuwa gida. Ranar da ɗayanku ya kwana a Gombe, ina roƙon ya bar jiniya da 'yan rakiya, ya fita bayan sallar isha'i da direba kaɗai, ya tsaya a gidan burodi ɗaya, gidan mai ɗaya, da ƙofar duk wani kamfani da ya ji inji na kuka. Kada ya tambayi manaja. Ya tambayi wanda ya buɗe masa ƙofa ƙarfe nawa ya zo, ƙarfe nawa kuma zai tashi. Shafuka taran da na ja wa layi suna nan a wurina, na yage su kafin a jefar da tsohon littafin, na kuma goge sunayen. Duk wanda ya ɗauki ƙudurin, ranar jin ra'ayin jama'a zan biya kuɗin motata in kawo su Abuja.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon akawu, daga Gombe